Daga Misau zuwa Fuwenhirola: abin da matafiyi zai sani kafin ya nufi bakin tekun Sifaniya

Fuwenhirola gari ne a bakin Tekun Bahar Rum, a kudancin ƙasar Sifaniya, cikin lardin Malaga na yankin Andalus. A allunan hanya da tikitin jirgin ƙasa za ka ga an rubuta shi Fuengirola. Tsakaninsa da birnin Malaga kimanin kilomita 30 ne. Mazaunansa sun haura 80,000, amma a watannin Yuli da Agusta baƙi kan cika shi maƙil, yawancinsu Turawan Ingila da Jamus da Finlan masu neman rana. Tun da na dawo daga can nake shan tambayoyi, daga 'yan'uwa a Agege da Mile 12 har zuwa majalisarmu ta gida a Misau, kuma kusan tambayoyin iri ɗaya ne. Shi ya sa na ga gara in tattara amsoshin wuri guda.

Garin ba baƙo ba ne gare mu kamar yadda sunansa yake nunawa. A zamanin mulkin Musulmi sunansa Suhail, kuma har gobe ganuwar da ke kan tudu a ƙarshen garin ta yamma, inda kogi yake shiga teku, da wannan sunan ake kiranta. Halifa Abdurrahman na Uku ne ya sa aka gina ta a shekarar 956. Duk wanda ya zauna gaban malamin Sira ya ji sunan Imam Suhaili, mai Raudul Unuf, sharhin Sirar Ibn Hisham. To nan ne garin da ake jingina shi gare shi. An haife shi a 1114, ya rasu a Marrakesh ta Maroko a 1185. Ibn Baɗɗuɗa ma ya kwana a wannan ganuwa wajen 1350, a kan hanyarsa daga Marbella zuwa Malaga, bayan mahara daga teku sun kama ayarin mahayan da suka riga shi yin gaba. Shekara uku bayan haka yana Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, inda ya ambaci Gobir da Barno cikin ƙasashen da ake kai wa tagulla. Mutumin Misau kuwa ya san alaƙar garinmu da Barno, ba sai an faɗa masa ba. Ka ƙara da cewa Alfazazi mai Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu mutumin Ƙurɗuba ne, Ibn Asim mai Tuhfar da alƙalanmu suka tashi da ita kuma mutumin Garnaɗa ne, garuruwan da duk za ka iya zuwa ka dawo a yini ɗaya daga Fuwenhirola. Garin ya fita daga hannun Musulmi a 1485, Malaga ta bi baya a 1487, Garnaɗa a 1492.

Amma kafin ganuwa akwai takardu, kuma a nan yawancin tafiyoyi suke mutuwa.

Fasfo da biza

Sifaniya tana cikin ƙasashen Shengen, saboda haka bizar Shengen ta gajeren zama za ka nema, wadda ba ta ba ka fiye da kwana 90 cikin kowane kwana 180. Ana miƙa takardu ta kamfanin BLS International, a Legas ko a Abuja. Mazauna kudu Legas ta fi musu sauƙi, wanda yake gida Misau ko Azare kuwa sai ya bi ta Darazo da Bauchi da Jos zuwa Abuja. Dole ka je da kanka, domin za a ɗauki hoton yatsunka. Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, ban da ladan kamfanin, kuma idan aka hana ka ba a mayar da ko kwabo. Kana iya nema tun saura wata shida tafiya, kuma kada ka bari ya rage ƙasa da kwana 15. Ni a ganina wata biyu zuwa uku shi ne daidai, don samun ranar ganawa kaɗai yakan ci makonni.

Fasfonka ya zama yana da sauran wata uku aƙalla bayan ranar da za ka baro Turai, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Sai inshorar lafiya ta tafiya da za ta ɗauki nauyin yuro 30,000, da shaidar kama otal, da ta jirgin zuwa da dawowa, da bayanan asusun banki na watannin baya. Idan wajen wani za ka sauka, wasiƙar da ya rubuto da hannunsa ba ta wadatarwa. Sai ya je ofishin 'yan sandan ƙasa a can ya karɓo takardar gayyata ta hukuma, wadda suke kira carta de invitación.

A 2024 sama da kashi 45 cikin 100 na 'yan Najeriyar da suka nemi bizar Shengen an hana su. Mu 'yan kasuwar arewa da ke kudu muna da matsaloli biyu namu na kanmu. Na farko, dukiyarmu ba ta kwana a banki. Mutum yana sauke tirelar shanu ko albasa duk mako, amma asusunsa kamar na ɗalibi, don kuɗin hannu da hannu suke yawo. Jami'in biza bai san darajarka a kara ba, takarda yake karantawa. Abin da ya fi muni shi ne a aro miliyoyi a zuba a asusu ana saura mako guda, wannan ai su ma sun san shi. Idan kana da niyyar tafiya baɗi, fara bi da cinikinka ta banki tun yanzu, ka yi wa kasuwancinka rajista da hukumar CAC, ka riƙe takardun haraji da na shago ko gida. Abin da suke son gani shi ne kana da abin da zai dawo da kai.

Na biyu, suna. Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, Mamman a takardar makaranta, wani wurin an ƙara Misau a ƙarshe, wani wurin babu. Ranar haihuwa kuma rabin tsararmu 1 ga Janairu ne. Wannan ba laifi ba ne, amma ya zama abu ɗaya ne a lambar NIN da BVN da fasfo. Gyaran yana cin lokaci, a fara da shi. Masu cewa ka kawo kaza su fito maka da biza ta bayan gida kuwa, ka riƙe kuɗinka. Takardar bogi guda ɗaya tana iya ɓata maka suna a duk ƙasashen Shengen, domin rumbun bayanansu ɗaya ne.

Hanya da kaya

Daga Najeriya sai ka yada zango kafin ka isa Malaga. Royal Air Maroc yana bi ta Kasabalanka, Turkish Airlines ta Istanbul, Air France ta Faris, Lufthansa ta Frankfurt. Ta Kasabalanka ta fi gajarta. Idan ta Faris ko Frankfurt ka bi, a can za a duba fasfonka, ba a Malaga ba, saboda haka ka bar wa kanka aƙalla awa uku tsakanin jirage biyun. Tun 12 ga Oktoban 2025 suka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da yatsu a bakin iyaka, layi ya ƙara tsawo. Biza a fasfo ba ta hana jami'in iyaka ya tambaye ka ina za ka sauka, yaushe za ka koma, nawa ka riƙe. A 2025 Sifaniya tana neman mai ziyara ya nuna kimanin yuro 118 na kowace rana. Ka buga takardun otal da inshora da tikitin dawowa ka riƙe a jakar hannu, kada ka dogara da waya. Katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, shi ma ya kasance tare da fasfo, don ana tambayarsa a filayen jirginmu.

Yanzu maganar guzuri, wadda na san za ta yi wa wasu ciwo. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara da duk abin da aka yi da su. Kilishi, dambun nama, soyayyen naman layya, man shanu, cuku, duk a bar su a gida. Idan aka gani za a ƙwace, ana iya cin ka tara. Ɗanyun 'ya'yan itace da kayan lambu ma sai da takardar hukuma, in ban da 'yan kaɗan da aka yafe, cikinsu har da dabino. Magani kuwa ka riƙe shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Kuɗin da suka kai yuro 10,000 sai ka bayyana su ga kwastan. Saƙon da ba ka ga abin da ke cikinsa ba kada ka karɓa, ko na wane ne, ko a filin jirgi aka roƙe ka don Allah. Jami'an NDLEA da na can duk mai jaka suka sani, ba mai saƙo ba.

Abu biyu ƙanana da za ka gode wa Allah da ka ɗauka: ƙaramar buta ta roba, da mahaɗin soket. Nasu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, namu mai uku ba ya shiga.

Cikin gari

Daga filin jirgin Malaga ba ka buƙatar tasi. Jirgin ƙasa mai lamba C1 yana tsayawa a filin, ya bi ta Torremolinos da Benalmadena ya ƙare a Fuwenhirola cikin minti 35 ko kusa da haka, kuɗinsa 'yan yuro kaɗan. Tunda nan ce tasha ta ƙarshe, ko barci ya ɗauke ka ba za ka wuce ba. Garin shimfiɗaɗɗe ne, ana yawace shi da ƙafa. Titin bakin teku ya kai wajen kilomita bakwai, daga ganuwar Suhail ya ratsa unguwar Los Boliches ta masunta ya yi gabas. Ran Talata kasuwa take ci a filin bikin gari, da rumfunan tufafi da takalma da kayan miya. Ana ɗan taya kaya, amma ba irin tayin kasuwar Azare ba, in ka raba kuɗi biyu mai kaya zai ɗauka zagi ne. Akwai gidan namun daji mai suna Bioparc a tsakiyar gari, ga mai tafe da yara.

Lokacin zuwa, ni na fi son Mayu da Yuni ko Satumba da Oktoba. Agusta tsada da cunkoso. Zafinsu na yau da kullum, digiri 30 da 'yan kai, ba abin da zai tayar wa wanda ya yi azumin Afrilu a Misau hankali ba ne, sai dai akwai wata busasshiyar iska mai zafi da suke kira terral da takan sauko daga duwatsu ta kai ma'auni kusa da 40. Da hunturu kuma ana ruwan sama, dare yana da sanyi, a tafi da rigar sanyi ta gaske.

Agogonsu daidai yake da namu daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran watannin suna gabanmu da awa ɗaya. Abin da zai rikita ka shi ne rana. A watan Yuni ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, isha'i kuma ta wuce sha ɗaya. Ka sa manhajar lokutan salla a waya. Alƙibla gabas take, ka ɗan karkata kudu, saɓanin gida da muke karkata arewa. Garin yana da babban masallaci da ake Juma'a, cike da 'yan Maroko da 'yan Senegal da Larabawan da suka zo hutu. Tunda mutanen Maroko Malikawa ne irinmu, kuma da ruwayar Warshu suke karatu, kunnenka ba zai ji baƙunta ba. A Marbella akwai masallacin Sarki Abdul'aziz da aka buɗe a 1981, birnin Malaga ma yana da nasa.

Abinci

Nan ne sai ka buɗe ido. Mutanen Sifaniya suna son naman alade kamar yadda muke son tuwo, za ka ga cinyoyinsa a rataye a shaguna da gidajen abinci. Haddace waɗannan kalmomi: cerdo shi ne alade, jamón da chorizo da tocino duk namansa ne, manteca kitsensa ne kuma ana sa shi a wasu biskit da kek, vino giya ce kuma tana shiga miya. Idan ka ce sin cerdo, wato ban da alade, za a gane, amma ka sake tambaya, don wani ma'aikacin ba ya lissafa 'yan gutsattsarin jamón da aka barbaɗa a kan miya ko wake a matsayin nama. Mahautan halal na 'yan Maroko suna nan da yawa, haka gidajen abincinsu da na Turkawa da 'yan Pakistan. In ka kama ɗaki mai kicin maimakon otal, ka sayi shinkafa da naman rago ka dafa abinka, kuɗin da za ka kashe zai ragu sosai.

Abin da ba zan so ka bari ya wuce ka ba shi ne kifin da suke kira espeto. Tsire ne, ba wani abu ba. Ana tsire ƙananan kifayen sadin a jikin sanda, a barbaɗa gishiri, a kafa su gefen wutar itace a cikin tsohon kwalekwale da aka cika da yashi, nan bakin ruwa. Da na tsaya kallon mai gashin yana juya sandunan yana duba inda iska take kaɗawa, wallahi in ka cire hular da ke kansa mai tsiren bakin tasha ne. Yaji kawai ya rasa, shi kuwa garin yaji busasshe ba ya cikin naman da aka hana shiga da shi. Mutanen wurin suna cewa kifin ya fi daɗi daga Mayu zuwa Agusta.

Abincin rana sai ƙarfe biyu, na dare sai tara. Ƙananan shaguna da yawa suna rufewa daga biyu zuwa biyar, ran Lahadi kuma yawanci a kulle suke. Ruwan famfo ana sha.

Bakin teku da tsaro

Gara in faɗa ƙarara: da rana tsaka bakin tekun cike yake da mutane kusan tsirara, maza da mata, kuma a wurinsu ba komai ba ne. Mai iyali ko mai kiyaye idonsa ya fita bayan asuba zuwa tara na safe, lokacin ba kowa sai masu motsa jiki da masu shara, ko kuma ya hau ganuwa da yamma ya hangi teku daga sama. Babu wanda zai hana matarka tafiya da hijabinta, mata 'yan Maroko suna ko'ina. Ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba, musamman yara, yana iya haɗa ka da 'yan sanda.

Wanda ya koyi iyo a kogin Misau da damina kada ya raina teku. Ruwan yana da sanyi ko da zafi ake, kuma yana da ja. Ana kafa tuta: kore a shiga, ɗorawa a yi hattara, ja kada a shiga.

Garin yana da kwanciyar hankali, ɓarayin aljihu ne matsalar, a jirgin ƙasa da kasuwar Talata da kan yashi. Aljihun gefe na babbar riga ko kaftani buɗaɗɗe ne, kada waya ko fasfo su kwana a ciki. 'Yan sanda suna da ikon tambayar ka shaida a kan titi, kuma baƙar fata ya fi haɗuwa da wannan, gaskiya ce. Ka nuna, ka yi shiru, ka wuce. Ka ajiye hoton fasfo da biza a waya da kuma wurin wani a gida. In fasfo ya ɓata, ka fara da ofishin 'yan sandan ƙasa su ba ka takardar rahoto, sannan ofishin jakadancin Najeriya da ke Madrid. Lambar gaggawa 112 ce, kyauta. Za ka ga 'yan'uwanmu na Afirka ta Yamma sun baza jakunkuna da tabarau a kan zani a bakin titi. Ka yi musu sallama, za su amsa da murna, amma kayan jabu ne kuma mai saye ma ana iya cin sa tara.

Wajen kuɗi, kati mai asusun dala ko yuro ya fi kwanciyar rai, don katin naira yana da iyakar abin da zai cire a waje kuma bankuna suna sauya ta. In za ka yi canji a gida ka ce a ba ka takardun 50 da 20 da 10. Takardar 200 ko 500 shaguna da yawa ba sa karɓa.

Wuraren da ke kusa

Ƙauyen Mijas yana kan dutse saman garin, bas yana kai ka cikin rabin awa. Gidajensa farare fat, kuma a nan ne Bature yake biyan yuro don a ɗora shi a kan jaki a zaga da shi, jakin ma har da lamba kamar tasi. Na ce da su Misau za a kawo su mu samu na cefane. Garnaɗa kuwa tafiyar kamar awa biyu ce, kuma fadar Alhamra ta cancanci wahalar, bangayenta cike da rubutun Larabci da almajiri zai tsaya ya karanta da kansa. Sai dai tikitinta yana ƙarewa makonni kafin ranar, ana saye ta intanet da sunanka da lambar fasfo, kuma da fasfon za ka shiga. Ƙurɗuba awa ɗaya ce a jirgin ƙasa mai sauri daga Malaga. Babban masallacinta da aka fara ginawa wajen 785 coci ne tun 1236, ana shiga kallo da tikiti amma ba a yarda a yi salla a ciki ba, masu gadi za su tsayar da kai.

Za ka ga ana tallar zuwa Tanja ta Maroko a jirgin ruwa, a je a dawo a yini. Ɗan Najeriya yana buƙatar bizar Maroko, kuma idan bizarka ta Shengen mai shiga sau ɗaya ce, da ka tsallaka shi ke nan, ba za a bar ka ka dawo ka ɗauki kayanka ba. Duba abin da aka rubuta a kan bizar, da yawan kwanakin da aka ba ka, don wani lokaci sun gaza tsawon wa'adin da ke jikinta. Ƙara ko kwana ɗaya yana shiga kwamfuta, kuma zai biyo ka duk ranar da ka sake nema.

In ka yi sayayyar tsaraba a manyan shaguna, ka nuna fasfo ka ce a yi maka takardar mayar da haraji. Akwai na'urori masu suna DIVA a filin jirgin Malaga da ake tantance ta kafin a miƙa kaya. Man zaitun shi ne tsarabar da ta fi araha da amfani, amma a babbar jaka za a sa shi, a naɗe da leda da tufafi, don ba a barin ruwan da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Wanda zai wuce gida kai tsaye ta Kano kuma ya duba lokacin saukarsa: in dare ya yi, ya kwana a birni, da safe ya kama hanyar Wudil da Shuwarin da Jama'are zuwa Azare, daga nan Misau ba nisa.